Ɗakin da Ba Shi da Taga

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki, ta fara saki? Allah ya ƙara sauƙi. Baba ya ce ki daina damun kanki don ba ki biyo mu ba.

Yanzu da hankalina ya kwanta, bari in gaya miki abin da na ɓoye miki a waya. Ashe ranar da asibiti suka sa za a yi wa Baba aikin ido ta faɗo tsakiyar makon baje kolin 'yan kasuwa. Gari ya cika maƙil. Otal ɗin da na saba sauka sun ninka kuɗin ɗaki, kuma duk da haka babu wuri. Na zaunar da Baba a kan benci a harabar asibiti da jakunkunanmu, na shiga gari. Otal shida na zaga. A wani wurin mai karɓar baƙi ko kai bai ɗaga ba.

Da na dawo, Baba ya ce mu koma gida kawai, ai ya saba da duhunsa. Yaya, wata bakwai muka yi muna jiran wannan rana. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Wata nas da ta lura da ni ita ta ba ni dabara. Ta ce in daina tsayawa wajen masu karɓar baƙi, in nemi manaja da kansa, in gaya masa kwana biyar za mu yi a jere, tunda 'yan kasuwa kwana biyu suke yi su tashi. Sannan in tambayi ɗakin da baƙi ke ƙi, domin kowane otal yana da irinsa.

Haka na yi a wani ƙaramin otal bayan tashar mota. Manajar dattijuwa ce, da tabarau rataye a wuya. Ta ce akwai ɗaki a ƙasa kusa da wurin wanki, amma ba shi da taga, tun safe mutum uku sun leƙa sun juya. Na shiga na ga gado biyu, fanka, banɗaki a ciki, babu matakala ko ɗaya. Ga shi likita ya ce bayan aiki a kiyaye Baba daga haske mai ƙarfi da hawa bene. Kin san ni da ciniki, sai na yamutsa fuska na ce ƙarar injin wanki za ta dame mu. Ta yi dariya ta ce ta gano ni, amma ta bar mana a farashin da ake biya kafin cunkoso.

Da na kawo Baba ina ba shi haƙuri, ya shafa katifa ya zauna, ya ce, "Ni da ba na gani, me zan yi da taga?"

Gobe da safe za a yi aikin. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fatan kun tashi lafiya, ƙafa kuma da sauƙi. Albishirinki, aiki ya yi kyau. Kwana biyu Baba yana kwance a ɗakin nan shiru, ina ɗiga masa magani a kan lokaci. Manajar ma ta hana a kunna injin wanki lokacin da yake barcin rana, ba tare da na roƙa ba.

Jiya aka cire bandejin. Da muka koma ɗaki na kunna ƙaramar fitila, na durƙusa zan cire masa takalmi, sai na ji ya riƙe kaina. Ya daɗe yana kallona, har na tsorata ko idon ne. Can ya ce, "Auta, yaushe kika yi furfura ba wanda ya gaya mini?"

Na yi dariya har hawaye suka zubo, shi ma haka. Gobe muna hanya. Ki shirya, ya ce ke ma sai ya duba kanki.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta