Ni na karya hannun mai ɗibar gansakuka

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin, ka rufa min asiri kada sunana ya fito. Don Allah ku ba ni shawara, kwana goma ke nan abinci ba ya wuce min.

Ni makiyayi ne a wajen Gwangwan, kuma ina da zuciya, kowa ya sani. Akwai wani idon ruwa a gindin dutse inda muke shayar da shanu, ruwansa sanyi ƙalau ko da bazara. Sai wani malamin jami'a ya fara zuwa da sassafe, yana kankare gansakukar jikin dutsen, ya zuba a 'yan kwalabe, ya ɗiga wani jan magani. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce wai irin wannan gansakukar ba a taɓa sa ta a littafi ba, a ruwan sanyi kaɗai take rayuwa. Na ce a raina, gansakuka? Rainin hankali dai, wannan guba yake zuba mana.

Ana haka babbar saniyata ta kumbura ta faɗi, da ƙyar muka samu yankawa. Na bar wa mahauci ita, na ɗau sandata. Na tarar da malamin a tsugune ya ba ni baya, na sheme shi a ƙeya, ya kifa cikin ruwa, na ƙara masa a hannu har na ji ƙashin ya ce ƙas. Kwalaben na tattake su. Jininsa na bin ruwan, ni kuwa ko a jikina.

Ina komawa gida mahauci ya nuna min abin da ya ciro a tumbin saniyar, leda ce har ta cika kwano, ita ta kashe ta. Innalillahi! Na koma idon ruwan a guje, na ɗora malamin a mashin zuwa asibiti, na ce haka na tsince shi.

Lokacin da na buge shi bai ga fuskata ba. Yanzu ɗan'uwa yake kirana. Jiya na je dubiya, ya kama ni da hannun mai lafiyar, ya ce wanda ya gano sabon abu shi ke raɗa masa suna, kuma sunana zai sa wa gansakukar, ya zauna a littafi har bayan ranmu, tunda ni na cece shi.

Kunya ta kusa kashe ni, ga tsoron 'yan sanda. Jama'a, in faɗa masa, ko in yi shiru ya rubuta sunan da hannun da na bar masa?