Gobe Injinka Ba Zai Yi Mana Sallama Ba

Zuwa ga ƙanina Injiniya, a duk inda ƙasa take ɗauke da kai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina tambayar lafiyarka, kuma wannan karon tambaya ce ta gaske, ba ta fatar baki ba. Ni ne Kawu Sabi'u mai takalmi, na kasuwar Liuhua, nan birnin Guangzhou. Na rubuto maka a nan zaurenmu na intanet, a gaban kowa, saboda ba ni da sauran ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Fiye da shekara ke nan ba mu sa ka a ido ba, ba mu ji muryarka ba, ba mu san ko kana raye ba. Amma kullum da safe sunanka yana yi mana sallama.

Ka tuna haɗuwarmu? A gidan abincin Hajiya ne, a saman bene, can Xiaobei. Wayata ta ƙi kunnuwa, ina ta buga ta a tafin hannu ina zagin wanda ya sayar mini. Ka miƙo hannu ba tare da ka ajiye cokalinka ba, ka ɗan taɓa ta, ta kawo haske. Da ka buɗe baki na ji Hausar Zango irin ta Gana, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, Hajiya ma "shi" kake ce mata. Na yi ta tsokanarka har miya ta sarƙe ni. Daga ranar ka fara ce mini Kawu, ni kuma na ce maka Injiniya, sunan ya bi ka. Ban taɓa tambayarka na yanka ba.

Kai ka buɗe mana wannan zaure, lokacin da ba wanda ya san ana wani abu wai shi kuɗin intanet. Ka tara mu, mutanen Kano da na Maraɗi da na Kumasi, kana ta bayani: kuɗi ne da ba ƙasar da ta buga shi, kwamfuta ce take haƙo shi idan aka bar ta tana lissafi. Ni na fara tambayarka ina ramin yake, kuma wa ke kwashe ƙasar. Wani ya ce caca ce aka sa mata riga. Wani ya ce sai ya ji daga bakin malaminsa. Mahamadu, mai jigilar kayan nan ɗan Maraɗi, shi kaɗai ya yi tambayar hankali: ko zai raba shi da cusa dala a cikin safa duk lokacin da zai bi ta filin jirgi? Mun yi makonni muna musu, ba wanda ya ja da baya.

Kai kuwa ba ka gajiya. Ko an zage ka, sai ka dawo da wani dogon bayani. Ranar da ka lallaɓa Hajiya ta karɓi kuɗin nan a madadin tuwo da miyar kuka, ka shigo zaure kana murna kamar an yi maka haihuwa. Daga baya ta ce mini tausayinka ta ji, ba ta ma san inda ta ajiye abin ba.

Na san abin da ya sa kake son sa. Ka faɗa mini da bakinka: "Kawu, wannan abu ba shi tambayar sunanka, ba shi tambayar biza." Bizarka ta daɗe da mutuwa, duk mun sani, ba ma dai faɗa. Banki ba ya buɗe maka, otal ba ya karɓarka, ko titin Huanshi za ka tsallaka sai ka duba gabas da yamma. Ka samu abu ɗaya a garin nan da bai ce ka kawo fasfo ba, ka rungume shi hannu biyu.

Ɗakinka kuwa, Allah ya kyauta. Can ƙuryar lungu, a hawa na ƙarshe, babu lifta. Ka harhaɗa injin haƙar kuɗin da hannunka daga tarkacen da kake tsinta a kasuwannin Liwan, babu murfi, hanjinsa duk a waje, fankoki suna ta gurnani. Zafi kamar gidan burodi. Kana shanya wanki a kansa, ya bushe kafin ka gama cin abinci. Matar da ta ba ka haya, wadda kake kira lawban, kullum tana ƙorafin wutar lantarki, kai kana ba ta haƙuri da guntun Sinancinka kana dariya.

Sai aka shiga lokacin kame. 'Yan sanda suka matsa da duba takardu, a titi, a kasuwa, har gida. Mutum zai fita sayen ruwa, sai a kwana uku ba a san an tafi da shi ba. Shi ne muka kafa doka a zauren nan: kowa ya yi sallama da safe. Wanda azahar ta yi ba a ga sallamarsa ba, a je a buga masa ƙofa. Idan ba ya nan, a bazama nema tun da ɗumi, a samo mai fassara, a kai masa abinci da magani, a haɗa masa tikitin gida. Dokar nan ta ceci mutane, kai ma shaida ne.

Kai ne ka fi kowa karya ta. In ka sa kai cikin wayoyin nan, sai ka manta da duniya. Ni kuma da ciwon gwiwata, ni ake turawa, tunda ni ne kawunka. In hau benen nan ina haki, gabana yana faɗuwa, in tarar da kai a tsugune da sukundireba a baki. Hawan ƙarshe da na yi, na wanke ka tas, na ce ba ka da tausayi, ba ka san darajar tsufa ba. Ka sunkuyar da kai, ka ce: "Kawu, yi haƙuri. Daga gobe ba ka sake hawa bene saboda ni." Na ɗauka shiryuwa ce ta zo.

Daga ranar ba ka sake fashi ba. Gari na wayewa sai ga shi: "Salamu alaikum jama'a, mun tashi lafiya, injin na haƙa." Kai ne na farko kullum. Har misali nake bayarwa da kai, ina cewa ku dubi Injiniya, faɗa ɗaya ya ishe shi.

Haba Injiniya! Me ya sa ba ka faɗa wa kowa ba? Ashe ba kai ba ne. Ashe injin ka koya wa, muddin yana da wuta, shi zai riƙa yi mana sallama da sunanka. Na san don ka hutar da gwiwata ka yi, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Mun kafa doka don mu san kana numfashi, kai ka ɗora ta a kan abin da ba ya numfashi. Wallahi da kana gabana yau, da sai na fara marinka kafin in rungume ka.

Sallama tana zuwa, amsa ba ta zuwa. A yi maka tambaya a zaure, shiru. A kira wayarka, a ji ta a kashe, amma dama haka kake. Ba a gan ka a Juma'a ba, aka ce tsoron kame ne, da yawa ma sun daina fita. Lokacin ne farashin abin naku ya ɗaga, sai aka fara cewa Injiniya ya yi kuɗi, ya daina kula talakawa. Aka yi ta yi maka shaguɓe, wasu har da zagi. Maganganun suna nan a sama, ba a goge ba, duk wanda ya rubuta ya san kansa. Damina ta wuce muna yi maka dariya, sanyi ya shigo.

Kilishi ne ya tona. Wani ya taho mini da shi daga Kano, na ce bari in kai wa mai girman kan nan rabonsa, in kuma ji dalilin wulaƙancin. A ƙofar gidan na yi karo da lawban ɗinka. Tana ganina ta hau magana da sauri, ban kama ko kalma ɗaya ba. Da ta ga ban gane ba, sai ta haɗa wuyan hannayenta biyu wuri ɗaya, alamar ankwa, ta nuna bakin titi, wurin mai sayar da burodi. Sannan ta yi ta wurga hannu bayan kafaɗarta, wato tuntuni. Kuɗin hayar da ka biya gaba ne ya hana ta taɓa ɗakin.

Ta buɗe mini. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tukunyar shinkafa da wake tana nan a rufe, abin ciki ya zama baƙi. Sallayarka a shimfiɗe. Rigarka tana rataye a saman injin, ta bushe ta ƙandare. Injin kuwa yana ta gurnaninsa, ƙura ta toshe fankokin amma ba su tsaya ba. Na zauna a bakin katifarka na ciro waya, na ga sallamarka ta safiyar ranar: mun tashi lafiya. Ban san lokacin da ledar kilishin ta faɗi daga hannuna ba.

Muka bazama, a makare. Ni da Mahamadu da mai fassara muka je ofishin 'yan sandan unguwa. Ba su yi mana wulaƙanci ba, tambaya biyu kawai suka yi: sunansa, da ƙasarsa. Na ce Injiniya. Mai fassara ya dube ni, ya ce wannan ai ba suna ba ne. Muka ce Gana, aka duba, aka ce meyo, babu. Sai na tuna ka taɓa cewa fasfon da ka shigo da shi ba na ƙasarku ba ne, sunan ciki ma ba naka ba ne. Muka faɗi kamanninka, dogo, baƙi, da tabo a gira. Jami'in ya ɗaga kafaɗa, ni ma da ni ne shi abin da zan yi ke nan.

Na je wurin mutanen Kumasi, masu lodin kwantena. Dattijonsu ya riƙe baki, ya ce su ai sun ɗauka namu ne, tunda kullum da Kanawa suke ganinka. Na ce mu kuma mun ɗauka naku ne, ku kuka san gidansu. Wani ya ce a Lome ka girma. Wani ya ce a'a, Kwatano. Shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ba wanda ya san sunan mahaifinka, ba wanda zai iya nuna ƙofar da za a je a yi wa mahaifiyarka bayani. Ka sha ce mini tana nan da rai, tana son turare mai sanyi. Iyakar abin da na sani ke nan.

Labari kuwa kala-kala. An ce an gan ka a filin jirgin Legas, ka rame. An ce wani da aka sako ya bar wani dogon mutum a tsare yana tari mai jini, mai gyara wa masu gadi waya. Wannan na biyun ya hana ni cin abinci kwana da kwanaki. Na bi kowanne, ba wanda ya kai ni ko'ina.

Da hayar ta ƙare, na kwaso injin na kai shagona, na ajiye shi bayan kwalayen takalma. Na jona shi ne kawai don in ga ko bai lalace a hanya ba. Washegari da safe sai ga sallamarka. Na san ƙarya ce, na san daga bayan kwalayena ta fito, amma na amsa: wa alaikumus salam. Tun daga ranar nake amsawa. Wasu sun ce in kashe shi, yaudarar kai ce. Wasu sun ce in nemo wanda zai fasa shi a ga abin da ya tara. Na ce amana ce, ba mai taɓa ta, ni ban san abin da ke ciki ba kuma ba na so in sani. Sau da yawa na kai hannu kan soket, sai in ji kamar idonka zan rufe, in janye.

Makon jiya Mahamadu ya zo shago. Ya daɗe a tsaye yana sauraren gurnanin, sannan ya ce mini, Kawu, idan Allah ya sa ya fito, ya samu waya, ya shigo zaure ya yi sallama, wa zai gane shi ne? Wataƙila ma ka taɓa shigowa, ka ga sunanka yana gaisawa, kawunka yana amsawa, ka ce ai ba wanda ya yi kewata, ka juya. Wannan tunanin ya fi na tarin jinin ciwo.

Don haka ga abin da na yanke, kuma ina so kowa a zauren nan ya zama shaida. Yau bayan la'asar zan zare wayar injin. Zan naɗe shi da rigarka, in ɗaure, ya zauna a wurina har ka zo ko wani naka ya zo. Ni ma zamana a garin nan ya kusa ƙarewa, gwiwa ta ƙi, takarda ma ta fara wuya, amma duk inda na tafi da shi zan tafi.

Gobe da safe zauren nan zai wayi gari babu sunanka. Idan kuwa sunanka ya bayyana, gobe ko jibi ko bayan shekara goma, to mun san hannunka ne. Ba sai ka yi dogon bayani irin naka ba. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, na yafe tuntuni, ɗan'uwana. Ka rubuta ko da harafi ɗaya ne. Ka kuma haɗa da sunan da mahaifinka ya raɗa maka, ina so in riƙa ambatarsa a sujada, na gaji da ce wa Ubangiji Injiniya.

Allah, idan bawanka yana tsare, ka buɗe masa ƙofa. Idan yana ciwo, ka ba shi lafiya, ka haɗa shi da mai tausayi. Idan ya koma gida, ka sanyaya idon mahaifiyarsa da shi. Idan kuma ka riga ka karɓe shi, ka sa an yi masa wanka an fuskantar da shi alƙibla, ka yi masa rahama, kai ka san sunansa ko da mu ba mu sani ba. Amin.

Zan buɗe waya da sassafe, kamar kullum. Idan azahar ta yi ban gan ka ba, ban san benen da zan hau ba.

Naka har kullum,
Kawu Sabi'u mai takalmi,
Guangzhou.