Gara Ta Ci Kati Ɗaya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na samu sa hannun golan Madobi, bayan sati uku ina binsa. Ya ce, "Malam Sammani, ni wa ya san ni?" Na ce ni na san ka. Kati na 386 ke nan.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan haukar. In an gama gasar ƙauyuka, sakatare ya tashi zubar da katunan rajistar 'yan wasa, sai in kwashe, in bi kowa ya sa min hannu a bayan nasa. Ana yi min dariya. Amma in gardama ta kaure a majalisa kan wa ya buga wa wa a wace shekara, albam ɗina ne alƙali, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Wani mai farin gilashi ya zauna bakin fili yana ta rubutu. Wai daga wata makarantar ƙwallo yake a Kudu.

Litinin, 13 ga Janairu

Mai gilashin nan mutum ɗaya tak zai ɗauka, wanda bai kai shekara goma sha bakwai ba. Sunaye biyu ya rubuta: Zaharaddini ɗan Yaya Indo, da Sada ɗan Baballe, maƙwabcina a gona. An ce hankalinsa ya fi kwanciya da Zaharaddini.

Da murnata na taho gida, a hanya gabana ya faɗi. Na buɗe albam. Shafin 2017, ƙungiyarmu ta Bakin Kanal, lamba bakwai. Haihuwa: 2001. Ga hotonsa da ɗan gashin baki, ga sa hannunsa mai wutsiya a baya. Takardar da ya kai wa mutumin kuwa 2008 ta ce. Wato yana ɗan shekara tara ya ciyo mana kofi!

Sada, ni na ci wainar sunansa. 2008 ɗinsa ta gaskiya ce.

Talata, 14 ga Janairu

Tumatir ya fara ja. Abinci ya ƙi shiga.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ranar ruwanmu. Hanyar ruwa ɗaya ke shayar da gonata da ta Baballe, ba yadda zan kauce masa. Sai da muka gama ya dogara da fartanya, bai ko kalle ni ba.

"Sammani, ba ƙarya nake so ka yi min ba. Aron katin Zaharaddini kawai. Litinin mutumin zai yanke, in nuna masa in dawo maka da abinka."

Na ce zan duba. Zan duba! Ni da na san shafin ido rufe. Shi ma ya sani, sau nawa na baje masa albam ɗin ina cika baki.

Juma'a, 17 ga Janairu

Yaya Indo ta zo bayan an sauko daga masallaci, da kwanon dambu. Matar da ba ta taɓa tambayar katunana ba sai dai ta ce in kai su murhu.

Ta ce yaron nan ba gona, ba sana'a, ƙafar nan kaɗai Allah Ya ba shi. Ta ce ɗan Baballe yaro ne, gobe tasa ce. Sai kuma ta ce, "Kwali ne fa, Sammani. Kwali za ka zaɓa a kan jininka? Ni da na goya ka bayan Inna ta rasu?"

Ban gaya mata ba, amma Sada ba shi da goben nan. Kafin baɗi ya cika sha bakwai, ƙofa ta rufe.

Ina ta ce wa kaina kowa na rage shekara. A albam ɗin nan akwai wanda aka haifa sau uku. To, amma ba a kan ɗan maƙwabcina ya taka ba.

Tsoro nake ji. Na rubuta don in gani da idona.

Asabar, 18 ga Janairu

Zaharaddini ya zo da kansa. Da ya roƙe ni da na samu abin yin faɗa. Bai roƙa ba. Ya zauna a kan turmi yana murza yatsu.

"Kawu, ka tuna ƙwallon da na ci 'yan Dawakin Kudu da hagu?"

Na tuna. Har yau ban ga irinta ba.

"Ranar ba wanda ya zo da gilashi yana rubutu."

Ya tashi ya tafi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na yi.

Da hantsi na zare katin Zaharaddini, na tafi babban kanal, wajen gada inda ruwa ke da ƙarfi. Na daɗe a tsaye kamar mai jiran mota. Da na sake shi bai nutse ba, ya tafi fuska a sama, yaron na kallona har ya sha kwana.

Bayan la'asar Baballe ya yi sallama. Na kawo albam, na buɗe masa shafin da kaina. Na ce gara ce ta ci. Muryata ma ba tawa ba.

Ya bi katunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan gurbin.

"Garar nan ta yi makaranta," in ji shi. "Ta tsallake goma sha bakwai ta ci ɗaya."

Ya rufe albam a hankali, ya miƙo min da hannu biyu. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 23 ga Janairu

Zaharaddini ya tafi shekaranjiya. Yaya Indo har da guɗa a tasha. Na yi murna, Allah Ya sani na yi.

Da gangan na makara zuwa gona. Na tarar Baballe ya sakar wa tumatir ɗina ruwa, kamar yadda ya saba in ban zo ba. Na ce na gode. Ya ce, "Tumatir bai yi min komai ba."

Laraba, 29 ga Janairu

Gardama a majalisa, aka ce in ɗauko albam. Na ce kaina ke ciwo.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An gama gasa. Bakin Kanal ta ci biyu da ɗaya, duka biyun Sada ne. Sakatare ya ba ni katunan bana a leda.

Na bi ta bayan raga don in sulale, sai ga yaron a gabana, gumi na zuba.

"Baba, ba za ka karɓi nawa ba?"

Na lalubo katinsa na ba shi. Ya ɗora a gwiwa ya sa hannu. Na miƙa hannu, bai ba ni ba. Ya sake sunkuyawa ya rubuta a ƙasan sunansa: 9-10-2008. Ya danna biron har ya kusa huda kwalin. Ga ranar haihuwar kuwa a rubuce a gaban katin, ya sani.

"Ka adana shi da kyau, Baba."

Yana aljihun rigata har yanzu. Sauran suna cikin ledarsu a kan kabad, ban kwance ba, ban kuma bi kowa ba. Ba wani abu ba ne. Tumatir ne ya zo da yawa bana, ba lokaci.