Ki Bar Ni da Laifin, Peculiar

Zuwa ga Peculiar ɗiyar Baba Ezekiel, ruwan farko na damina, inuwar ɗorawa da tsakar rana, zumar da ba a kai ta kasuwa, wadda in ta ɗaga murya a cikin mawaƙan coci nake rera baiti na uku alhali jama'a na kan na ɗaya!

Gaisuwa mai tarin yawa daga Haggai naki, wanda yanzu duk Zuru ke nunawa da baki. Lafiyata lau, in ban da zuciya da ke kiran sunanki safe da yamma, da kuma ƙeyata da har yau take zogi inda takalmin yayan babanki ya same ta. Ki gaya wa Baba Dominic, in kin samu hali, cewa aikin soja bai bar hannunsa ba.

Fadima mai ƙosai ta kawo mini saƙonki. Wai abinci ya ƙi shiga bakinki, wai ranar Lahadi bayan an tashi coci za ki durƙusa gaban iyayenki maza biyu ki faɗa masu cewa ke kika fara. Wayyo ni! Peculiar, hasken idona, kashe ni za ki yi? Ajiye tsintsiyar nan, ki samu wuri ki zauna, ki karanta wannan har ƙarshe.

Kin tuna yammacin Asabar a ƙofar shagon Cletus? Ni dai ko na tsufa haƙora sun zube ba zan manta ba. Cletus ya fito da talabijin ya ɗora kan akwatin lemo, unguwa duk ta hallara don wasan 'yan'uwan nan biyu, waɗanda ba mai kiransu da sunansu na wasa sai Mai Sanƙo da Mai Tumbi. Kina kan bencin mata, ina tsaye a bayanki kamar wanda aka dasa, ina shaƙar ƙanshin man kanki, ban ma san da wasan ba sai da aka fara dariya. Babanki yana can ƙarshen bencin dama, sanƙonsa na ƙyalli a hasken fitila. Baba Dominic yana ƙarshen na hagu, ya ɗora hannu biyu kan tumbi. Tsakaninsu kuwa fili ne da mota za ta juya a ciki, kamar kullum.

Sai ga shi a ranar ubansu ya mutu a cikin wasan ya bar masu keke ɗaya. Mai Sanƙo ya ɗauke keken ya kulle a ɗaki, Mai Tumbi ya cire sarƙar ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, daga nan kowa ya riƙa zuwa kasuwa da ƙafa, suna gumi, suna hararar juna a hanya. Jama'a kuwa me za su yi in ba dariya ba! Mama Saloma ta yi ta dukan cinya tana cewa a kashe abin nan kafin fitsari ya kufce mata. Cletus ya rantse cewa a garinsu akwai waɗanda suka raba tukunya da murfinta. Fadima ta bar ƙosai ya ƙone. Amma kowa na dariya yana kallon ƙasa, domin babu jaririn da bai san labarin injin niƙan kakanki ba: injin yana ɗakin babanki yana tsatsa, hannun tayar da shi yana ƙarƙashin gadon Baba Dominic, matan gidanku kuma suna ɗaukar dawa a ka zuwa injin wata unguwa tun kina goye.

Abin da ya fi ƙona ni, su biyun sun fi kowa jin daɗin wasan! Duk lokacin da Mai Tumbi ya yi wauta, babanki ya kaɗa kai ya ce wa iska, lallai akwai mutane a duniya. Duk lokacin da Mai Sanƙo ya sha kunya, Baba Dominic ya ƙyalƙyale ya ce Allah ya ƙara. Kowannensu ya gane ɗan'uwansa sarai a cikin akwatin nan, ba wanda ya ga kansa.

A nan ne kika juyo. Kika ja mayafi kika rufe rabin fuska, idanunki na rawa da dariya, kika matso har numfashinki ya taɓa kunnena, kika raɗa mini cewa saura injin niƙa kawai a kawo. Peculiar! Wane namiji ne zai ji bakinki a kunnensa hankalinsa ya zauna? Kaina ya yi zafi, dariya ta taso mini tun daga cibiya, kuma daidai lokacin da wutar janareto ta ɗauke, wuri ya yi tsit, sai na ji wani wawa ya buɗe baki da ƙarfi yana cewa: ai Baba Ezekiel da Baba Dominic ne, saura injin niƙa! Na waiwaya in ga ko wane ne. Ni ne.

Sauran kin gani da idonki. Takalmi ya tashi daga hagu, tsawa ta tashi daga dama, Cletus ya rungume talabijin ɗinsa yana cewa Haggai ka kashe kanka, ni kuwa na bi ta bayan shago na tsallake kwata ba tare da na yi niyya ba.

To yanzu saurara, ƙanwata, sanyin raina. Kin san irin wahalar da na sha a kanki. Damina nawa na kwaso abokaina muka yi wa babanki golmo, noman neman aure, muka nome gonarsa ta hanyar Manga har tafin hannuna ya koma kamar bayan kunkuru? Ban yi ƙorafi ba, ko dutse aka ce in nome saboda ke zan tambayi inda fartanya take. Amma sau nawa iyayena suka wanke riga suka zo neman aurenki? Babanki ya ce shi ƙane ne, ba ya bayar da ɗiya alhali yayansa na da rai, a je wurin Dominic. A je wurin Dominic, ya ce shi bai san yana da ƙane ba, balle ɗiyar ƙane. Haka kawuna Gabriel ya yi ta zarya tsakanin ƙofa biyu na gida ɗaya har takalminsa ya cinye. Ba ƙina suke yi ba, Peculiar. Tabarma ɗaya ce ba za su iya hawa tare ba, aure kuwa ba a karɓarsa a tabarma biyu.

Yau fa? Fadima ta ce a daren Asabar ɗin nan Baba Dominic ya taka da ƙafarsa har ƙofar babanki, ƙofar da ya rantse ba zai ƙara tsayawa a gabanta ba, don su tattauna yadda za a yi da ɗan iskan yaron nan. Ni ke nan. Suka zage ni har shayi ya huce, aka sake dafa wani. Da safe kuma, don su nuna wa Zuru cewa ƙarya nake yi, su ba Mai Sanƙo da Mai Tumbi ba ne, sai ga Baba Dominic ya jawo hannun injin daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe masa ƙura. Suka kira makanike. Ranar Talata ina gona na ji tuf, tuf, tuf daga wajen unguwarku. Na ajiye fartanya na zauna a kan kunya, na yi dariya, daga baya kuma ban san lokacin da hawaye ya zo ba.

Jiya na auno dawa na ɗora a kafaɗa na tafi, na bi layi a bayan mata kamar mutumin kirki. Da suka gan ni, babanki ya fara zagi, Baba Dominic ya ƙarasa masa. Ɗaya ya ce marar kunya, ɗaya ya ce marar tarbiyya. Ɗaya yana zuba dawata a injin, ɗaya yana tare garin a kwano, kafaɗa na gugar kafaɗa, kuma saboda ƙarar injin rabin zagin ma ban ji ba. Abin da na ji da kyau shi ne na ƙarshe. Baba Dominic ya nuna ni da yatsa ya ce in gaya wa iyayena su zo ranar Lahadi bayan coci, shi da ƙanensa za su zauna su faɗa masu irin ɗan da suka haifa. Shi da ƙanensa, Peculiar, a zaune wuri ɗaya, iyayena a gabansu! Abin da golmo bai saya mini ba, abin da Fasto ya yi wa'azi a kai har muryarsa ta dushe, ga shi bakina marar linzami ya kawo. Kawu Gabriel ya riga ya kai babbar rigarsa guga. Ya ce su dai su zauna, a bar masa sauran: zai durƙusa, zai ba da haƙuri, zai yarda cewa ni jaki ne, kuma ba zai tashi daga tabarmar nan ba sai da maganar aure.

Yanzu ki duba abin da gaskiyarki za ta jawo. Kina buɗe baki ki ce ke kika raɗa mini, Baba Dominic zai juya ya kalli babanki ya ce, to, ashe daga ɗakinka abin ya fito, ga tarbiyyar da ka ba ɗiyarka. Babanki zai miƙe. Hannun injin zai koma ƙarƙashin gado, innarki ta koma ɗaukar dawa a ka, tabarma ta koma biyu, ni da ke kuma mu tsufa muna gaisawa ta bakin Fadima. Ina tsoro, Peculiar, da gaske nake, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Zagi ba ya kashe ni. Rashinki ne zai kashe ni.

Saboda haka ina roƙonki, don girman Allah da darajar ranar da kika fara yi mini murmushi a bakin rijiya: ranar Lahadi ki kawo ruwa, ki gaishe da baƙi, ki sunkuyar da kai. In an zage ni, ki kaɗa kai kamar abin ya ba ki haushi. In dariya ta taso miki, ki shiga madafa. Ni kuwa na yi miki alkawari, ko an ɗaura aure, ko mun haifi 'ya'ya sun haifi nasu, in aka tambayi wanda ya yi wa surukansa rashin kunya a ƙofar shagon Cletus, zan ɗaga hannu ni kaɗai. Abu ɗaya kawai nake nema a madadin haka: ki ci gaba da raɗa mini magana a kunne har ƙarshen raina, amma ki riƙa duba ko janareto na aiki.

Ga garin nan na ba Fadima ta kawo miki tare da wannan takarda. Babanki ne ya zuba, yayansa ya tare. Ki dama kunu ki sha, ki kai masu saura a kwano ɗaya.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a rufe ni da wannan laifi a ƙirjina,

Haggai, marar kunyar Zuru.