Shekara Huɗu Muna Gaba a Kan Inji Ɗaya

Anti mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata ashirin da biyu ina aiki a wata maɗaba'a. Rana ɗaya aka ɗauke mu da aminina, wanda muke kira Dogo. Ni nake zura takarda a inji, shi yana tarewa a ɗaya gefen. Kai, Allah sarki zamanin nan! Kofin shayi ɗaya muke sha, yana tsokanata wai da hanci nake gane tawadar da ta lalace. Ranar da aka haifi 'yata ta fari ya riga ni isa asibiti, hannunsa duk tawada.

Sai aka ba ni shugabancin sashe. Wallahi ban nema ba, amma aka ce masa zagon ƙasa na yi masa. Shekara huɗu ke nan ko gaisuwata ba ya amsawa. Sauran ma'aikata suka bi bayansa. Ina shigowa hira ta mutu. A ɗakin ajiye takarda nake cin abinci ni kaɗai. Amma har yau ina zurawa yana tarewa.

Watan jiya muna cikin aiki hannuna ya mutu, harshena ya yi nauyi na 'yan mintoci. Dogo ne ya kashe injin ya turo mini kujera. Likita ya ɗauki hoton kaina, ya ce jinina ya hau, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwata sun fara galabaita, ya tambaye ni me ke cin raina. Matata ta ce in ajiye aikin tun ban faɗi ba. Ni kuwa kewar Dogo da nake yi ba ta barina.

Mai zura takarda

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi.

Matarka ba ta yi ƙarya ba. Jikin da kullum yake shiga wurin da ake ƙinsa, a tsorace yake wuni: zuciya na gudu, jini na hawa, siraran jijiyoyin kai suna shan matsi shekara da shekaru. Ka riƙe maganinka. In hannu ko harshe ya sake yin haka, asibiti nan take, ko da ya wuce.

Amma barin aiki ba zai cire maka Dogo daga rai ba, gida za ka tafi da shi. Shi ma ka duba nasa: rana ɗaya kuka fara, aka tsallake shi. Ka rantse mini ba ka nema ba. Shi ka taɓa zaunar da shi ka faɗa masa?

Ka same shi shi kaɗai, ka gode masa, ka gaya masa abin da likita ya gani. In bayan wata guda babu sauyi, ka nemi canjin sashe ko ka bi shawarar matarka, ranka ya fi kujera. Ni dai na lura da abu ɗaya: cikin ɗakin nan kaf, mutumin da ya shekara huɗu ba ya kallonka shi ne ya fara ganin hannunka ya saki.

Gobe ka tafi da shayi, kofi ɗaya. Allah ya ba ka lafiya, ya mayar maka da amininka.