Zomon Farko Na Sale Ne

Zuwa ga Sale na Fulatan, ƙasar Rogo,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana raye ma sai dai a karanta maka, ka yi dariya ka ce ɗan boko ya motsa, alhali a aji uku na sakandare na tsaya. Allah Ya kai haske kabarinka.

Gida lafiya. An girbe dawa, gyaɗa ta yi kyau bana. Maiɗakinka Hajara ta fita takaba. Ni kuma na ƙara injin niƙa na biyu a kasuwar Karaye, ba da taimakon kowa ba, kamar yadda ka san ni.

Maganar karyarka ce, Ƙyale-su, ta sa na ɗauki biro. Tun da aka kai ka makwanci ta daina farauta. Ƙaninka Iro ya fita da ita daji, ya kira, ya yi tsawa, ta zauna tana kallonsa. Da ya gaji sai ya ce shi ba zai ciyar da karyar da ba ta kamu ba. In ba ta yi gudu a farautar buɗe daji ba, zai miƙa ta ga masu zuwa da mota suna sayen karnuka. Ka san inda suke kai su, ka kuma san abin da ake yi da su a can.

Ranar muka taru a dajin da muka saba, mutanenku na Rogo da mu na Karaye. Sarkin Dawa, Baba Tanko, ya ce zomon farko na mamaci ne, kowa ya riƙe karensa. Ka taɓa ganin haka? Mutanen da ke fasa wa juna kai da gora a kan cinyar zomo, ga su tsaye, kowa ya naɗe igiya a hannu. Mudi na garinku yana ta tsokanata, wai in riƙe karena Duna da kyau, yau ce kaɗai ranar da zai rasa nama da uzuri.

Zomo ya tashi daga gindin sabara. Iro ya saki Ƙyale-su. Ba ta motsa ba. Kunnuwa a miƙe, sai waige take yi. Fitonka take jira. Iro ya gwada, nasa ya fito kamar na mai kiran tantabaru. Zomo kuwa yana ta ƙara nisa.

Sale, wa ya fi ni sanin fiton nan? Shekara da shekaru ina jinsa daga bayana, dogo, mai karyewa a ƙarshe, kuma duk ranar da na ji shi na san Duna ya rasa. Har ina kan babur zuwa gida yakan biyo ni a kunne. Ban yi shawara da kowa ba. Na yi bisimilla, na sa yatsu a baki.

Ta tafi. Ba zan tsaya yabonta ba, ka san gudunta. Kafin zomon ya shiga ƙaya ta kwantar da shi, ta tsaya a kansa ba ta ci ba, yadda ka koya mata. Baba Tanko ya yanka, aka kai wa Hajara. Mudi ya ce ashe Habu ya daɗe yana ɗaukar karatu a wurin Sale. Ban musa ba.

Ban taɓa gaya maka ba, amma ban ga mai kare irinka ba. Ni nama nake ba Duna, kai ƙanzo kake jiƙa mata, kullum kuma ita ce gaba. Me ka sani da ban sani ba? Da na tambaya da ka faɗa mini, wannan na tabbata. To amma ni ba mai tambaya ba ne.

Iro ya ce tunda ni take ji, in tafi da ita. Yanzu tana gidana, har ta kori Duna daga inuwar rumbu. A farautar da ta biyo baya ta sake riga shi, mutanenmu suka fara murna wai Karaye ta samu karya. Na ce musu a'a. Duk abin da ta kama na Rogo ne, gidan Hajara za a kai. Fiton ba nawa ba ne.

To ka gani. Kana kwance, har yanzu kana kayar da ni, kuma da bakina.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ka huta. Sai mun zo.

Abokin karawarka,
Habu Mai Inji, Karaye