Kakan Da Na Ara Wa Manomin Amurka

Assalamu alaikum Anti mai shafi da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Ina kuma roƙo kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni direba ne a Doha. Kamfaninmu ya haɗa ni da wata malamar makaranta, baƙar fatar Amurka, ina kai ta aiki ina ɗauko ta. Da sanyin bara mahaifinta ya zo mata hutu, don a lokacin ƙanƙara ta rufe gonakinsu. Ni na ɗauko shi a filin jirgin Hamad. Dattijo ne dogo, ya haura saba'in, tafin hannunsa da kaushi irin na mahaifina. Manomi ne a wani ƙauye a jihar Kansas, kuma dawa yake nomawa. Ranar da ya nuna mini gonarsa a waya na ce masa ai da tuwonta na girma, ya yi ta dariya. Tun daga nan ya bar zaman baya ya dawo kujerar gaba. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗana.

A hira ya gaya mini ya daɗe yana bin asalin gidansu. Ya bi har kan kakan kakansa, wanda ya taso daga kudancin ƙasar bayan an 'yanta bayi, ya sari daji ya kafa gonar. Daga nan hanya ta toshe, ba suna ba gari. Sai gwajin DNA da ya nuna jinin mahaifinsa na Hausawa ne. Muna cikin cunkoso wajen Mushairib na ce masa, "Baba, ai ni Bahaushe ne." Sai ya ce in nemi wuri in tsaya. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, a gidanku an taɓa ba da labarin wani da aka kama aka tafi da shi?"

Jama'a, akwai labari a gidanmu, amma ba irin wanda yake nema ba. Kakata ta sha gaya mana cewa tushenmu wani bafatake ne, Jatau, mai zuwa Gwanja saro goro, kuma ba kanwa kaɗai yake kaiwa ba, har da mutane. Har gobe akwai gidajen da manyanmu ba sa yarda a yi aure da su a garinmu, wai jikokin bayin Jatau ne. Duk na san wannan. Amma da na dubi idon dattijon nan sai na ji bakina ya ce, "E, akwai." Ya ce, "Ya sunansa?" Wallahi ba sunan da ya zo mini sai Jatau. Na ce ya tafi gonar dawa da safe bai dawo ba. Me ya kai ni? Tausayi ne, ko dai kunyar in ce masa ni jinin masu sayarwa ne?

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Kullum ya shiga mota sai ya tambaya, ni kuma sai in ƙara. Na ce Jatau dogo ne. Na lura Baba bahago ne, na ce shi ma Jatau da hagu yake riƙe fartanya. Na ce uwarsa ta yi kuka har ta makance. 'Yarsa ta ce masa a gabana, "Baba, Hausawa fa suna da yawa, ba lalle ne shi ɗin ba ne." Ya ce, "Na sani. Amma duk rayuwata ba wanda ya taɓa ba ni suna ko guda ɗaya."

Bayan ya koma ya turo mini bidiyo. A gefen gonarsa akwai maƙabartar danginsu. Ya tara 'ya'ya da jikoki da faston cocinsu, sun kafa sabon dutse kusa da kabarin wanda ya kafa gonar, an sassaƙa JATAU a jiki. Wata tsohuwa tana waƙa tana share hawaye. Ina cin abinci a Asian Town na kalla, na ture kwanon na fita. Mutumin da ya ɗaure 'ya'yan mutane da igiya, yau jikokin bayi ke yi masa kuka, kuma ni na jawo. Wa ya sani ma ko shi ya sayar da kakan nasu? Watan da ya wuce jikarsa ta haifi namiji, suka sa masa Jatau.

Yanzu likitoci sun ce zuciyarsa ta yi rauni, shi kuma ya dage sai ya taka garinmu bayan girbi, tun yana iya hawa jirgi. Na kira Kawu, babban gidanmu, na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya ce, "Jatau ne aka kama? Kai yaro, baƙonka in ya zo zan sauke shi, zan yanka masa rago. Amma in ya tambaye ni, abin da na sani zan faɗa. Ba zan yi ƙarya da furfurata ba." Jiya kuma Madam, wato 'yarsa, ta ce ta yi magana da kafil ɗina, mai kamfaninmu, a kan hutuna, khalas, magana ta ƙare, tare za mu tafi. Ta ce, "Ka yi wa mahaifina abin da ba wanda ya yi masa." Na ce ba komai Madam, na kasa kallonta ta madubin mota.

In na gaya masa, ina tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ga jariri da aka riga aka raɗa wa suna. In na yi shiru, a tsakar gidanmu zai ji daga bakin Kawu. In fara gaya wa 'yarsa ne, ko in kira shi da kaina? Don Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?